Yadda Ruwan Kwara Ke Zama Wutar Lantarki a Kainji

Madatsar ruwa ta Kainji tana kan kogin Kwara, wanda taswira ke kira Neja, a ƙasar Borgu ta jihar Neja. Ita ce babbar tashar lantarki mai aiki da ruwa ta farko da Nijeriya ta gina. Kafin ta akwai ƙananan tashoshi a tsaunukan Jos, irin ta Kurra, waɗanda aka yi domin masu haƙar kuza, amma ba wadda ta kama ƙafarta. An fara aikin a 1964, zamanin gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka ci gaba da shi ana tsaka da yaƙin basasa, aka tare ruwan a daminar 1968, sannan Janar Yakubu Gowon ya buɗe tashar a farkon 1969. Kamfanin Impregilo na Italiya ne ya yi ginin. Kuɗin da aka kashe ya haura dala miliyan 200, ciki har da rancen dala miliyan 82 daga Bankin Duniya.

Wurin da aka zaɓa yana da dalilinsa. A daidai nan kogin ya rabu biyu ya sa tsibirin Kainji a tsakiya, ƙasan kuma dutse ne mai tauri da zai iya ɗaukar nauyin gini. Rabuwar kogin ta sauƙaƙa wa magina aiki: sai su toshe reshe ɗaya su busar da shi su yi gini, ruwa yana wucewa ta ɗayan, daga baya su juya. Babban bangon kankare tsayinsa mita 65 ne, faɗinsa daga wannan gefe zuwa wancan kimanin mita 550. Daga gefensa biyu aka ja ganuwar ƙasa da duwatsu mai tsawon kilomitoci, aka kuma toshe wani kwari da ruwa zai iya sulalewa ta cikinsa. Tafkin da ya taru a bayan bangon ya miƙe kusan kilomita 135 zuwa arewa, har ya wuce Yawuri a jihar Kebbi, ya rufe fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,300. Idan ya cika fal yana riƙe da ruwa kimanin mita kubik biliyan 15.

Ƙarfin da ke cikin ruwa

Ruwa ba ya ɗauke da lantarki a cikinsa. Abin da yake da shi nauyi ne. Mita kubik 1 na ruwa, wato lita 1,000, nauyinsa tan 1 ne, kuma duk abu mai nauyi da ya faɗo daga sama yana iya yin aiki. Aikin madatsa shi ne ta ɗaga fuskar ruwa a gefe ɗaya ta bar ɗaya gefen a ƙasa, domin a samu tazarar da ruwan zai faɗo. Abubuwa biyu ne ke yanke yawan wutar da za a samu: tsayin wannan tazara, da yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa.

Lissafin ba shi da wuya. Idan mita kubik 1 na ruwa yana faɗowa mita 1 a kowace daƙiƙa, yana ba da ƙarfin da ya kusa kilowat 10. A Kainji tazarar da ke tsakanin fuskar tafki da kogin da ke ƙasa takan kai wajen mita 40 idan tafki ya cika. Ke nan kowane mita kubik a daƙiƙa zai ba da kusan kilowat 400, a cire abin da ke ɓacewa a gogayya da zafi, a bar wajen 350. Injin da zai ba da megawat 100 sai ya haɗiye ruwa kusan tan 290 a kowace daƙiƙa. Wanda ya riƙe wannan adadi ya gane dalilin da ya sa ba a kowane rafi ake kafa irin wannan tasha ba.

Ruwan yana shiga ta wasu manyan ƙofofi da ke jikin bangon, can ƙasa da fuskar tafki. A bakin kowace ƙofa akwai ragar ƙarfe da ke tare itatuwa da ciyayi da sauran tarkacen da kogi ke kwasowa. Daga nan ruwa ya gangara ta wani ƙaton bututu zuwa ɗakin injuna. Kafin ya taɓa farfela sai ya bi ta wata hanya da aka nannaɗe kewaye da ita, mai faɗi a farko tana tsukewa a ƙarshe, domin ya bugi farfelar ta kowane gefe da ƙarfi iri ɗaya. A kewayen farfelar akwai jerin ƙyamaren ƙarfe da ke buɗewa da rufewa tare. Su ne linzamin injin: a buɗe su ruwa ya ƙaru, a tsuke su ya ragu.

Farfelar Kainji irin wadda ake kira Kaplan ce a yawancin injunan, sunan injiniyan ƙasar Ostiriya da ya ƙirƙiro ta a wajen 1913. Ta dace da inda ruwa ke da yawa amma tazarar faɗuwarsa ba ta da tsayi sosai. Abin da ya bambanta ta shi ne fukafukanta suna iya karkacewa tana cikin juyawa, ta yadda ko tafki ya ja baya ko ruwa ya ragu, za a daidaita kwanciyarsu injin ya ci gaba da aiki ba tare da asara mai yawa ba. A Shiroro, inda kogin Kaduna ke faɗowa daga tazarar da ta ninka ta Kainji, wata irin farfela aka sa mai suna Faransis. Ruwan da ya gama juya farfela yana fita ta wani bututu mai buɗewa a hankali ya koma cikin kogi. Ba a ƙona shi, ba a rage shi. Shi ya sa ruwan da ya yi aiki a Kainji yake sake yin wani aikin a madatsar Jebba, kimanin kilomita 100 a ƙasa.

Daga juyi zuwa wuta

Wani sandan ƙarfe mai kauri ne ya tashi tsaye daga farfela ya haɗa ta da janareta da ke bene na sama. Mai shiga ɗakin injuna murfin janaretocin kawai yake gani a jere, da rugugin da yake ji a tafin ƙafarsa. Farfelar tana can ƙasa cikin ruwa.

Janareta kashi biyu ne. Na ciki yana juyawa tare da sandan, an jera masa maganaɗisai a kewaye. Na waje a tsaye yake, cike da naɗaɗɗun wayoyin jan ƙarfe. Duk lokacin da maganaɗisu ya gifta kusa da waya, lantarki yakan motsa a cikinta. Wannan shi ne abin da Maikel Farade ya gano a Ingila a 1831, kuma a kansa ne duk wani janareta ke aiki, daga na mai shagon aski har zuwa na Kainji. Bambancin kawai abin da ke juya sandan: can fetur, nan ruwa.

Wutar da ake rabawa a Nijeriya da Nijar tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma dole kowane janareta da ke kan babban layin ƙasa ya bi wannan ƙa'ida daidai. Janareta mai kawunan maganaɗisu 2 sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya cim ma haka. Farfelar ruwa mai nauyin tan da yawa ba za ta iya wannan gudu ba, don haka ake yawaita kawunan. Mai kawuna 60 juyi 100 a minti ya ishe shi. Wannan ne ya sa janaretan madatsa yake da faɗi ƙwarai, kuma yake tafiya a natse idan aka gwada shi da na tashar gas.

Idan jama'a suka kunna kaya da yawa a lokaci guda, nauyin yakan ja janareta ya nemi rage gudu. Nan take wata na'ura mai lura da gudun takan ƙara buɗe ƙyamaren nan, ruwa ya ƙaru, gudu ya dawo daidai. Idan buƙata ta ragu ta tsuke su. Wannan saurin amsawa yana cikin manyan darajojin tashar ruwa. Injin da ke tsaye ana iya tayar da shi ya hau layi cikin 'yan mintuna. Kuma idan babban layin ƙasa ya durƙushe gaba ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a Nijeriya, tashoshin ruwa suna cikin na farko da ake dogara da su wajen sake tayar da shi, domin buɗe ƙofar ruwa ba ya buƙatar wuta mai yawa daga waje.

Wutar tana fitowa daga janareta da ƙarfin bolt dubu goma sha wani abu. Taransifoma ce ke ɗaga ta zuwa bolt 330,000 kafin ta hau manyan turaku. Dalili shi ne waya tana cin wani ɓangare na wutar da ke bi ta cikinta ta mai da shi zafi, kuma idan aka ninka ƙarfin bolt sau 2, wannan asara takan koma kashi 1 cikin 4. Daga Kainji layi ya tafi Jebba, daga can ya rabu zuwa Oshogbo da Legas a kudu, da Shiroro da Kaduna da Kano a arewa. Wani layin ya nufi Birnin Kebbi. A hanya ana sauke ƙarfin mataki-mataki, zuwa bolt 132,000, zuwa 33,000, zuwa 11,000, har ya kai taransifomar unguwa da ke mai da shi abin da fitila da fanka za su iya ɗauka.

Farin ruwa da baƙin ruwa

Injin shi ne ɓangare mai sauƙi a wannan sha'ani. Mai wuyar shi ne ruwan, domin kogi ba ya kawo shi daidai wa daida a duk shekara, alhali masu wuta kullum suke so.

An tsara tashar Kainji ta ɗauki injuna 12 masu ba da megawat 960, amma 8 aka kafa: 4 masu megawat 80 a farko, 2 masu megawat 100 a 1976, sai 2 masu megawat 120 a 1978. Jimilla megawat 760. In duka za su yi aiki da cikakken ƙarfi, suna buƙatar ruwa fiye da mita kubik 2,000 a daƙiƙa. A wannan sha, tafkin nan mai biliyan 15 ba zai kai wata 3 ba, ko da ana iya kwashe shi har ƙasa, wanda ba a iyawa. Tafkin rumbu ne: ana cika shi lokacin wadata a riƙa ɗiba da awo har wata wadatar ta zo. Adadin da aka rubuta a jikin tasha ƙarfin injunanta ne, ba alkawarin abin da za ta bayar kowace rana ba.

Sa'ar da Kainji ta yi ita ce Kwara yana cika sau biyu a shekara a wannan yanki. Cikar farko ta damina ce, daga ruwan saman da ya sauka a kusa, a ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara da arewacin Jamhuriyar Binin, wanda Gulbin Sakkwato da Rima da sauran rafuka ke zubawa a Kwara. Takan fara a wajen Agusta ta kai ƙololuwa a Satumba zuwa Oktoba. Ruwa ne mai gauraye da laka, launinsa fari-fari, shi ya sa ake ce masa farin ruwa.

Cika ta biyu daga nesa take zuwa. Kwara ya faro ne daga tsaunukan Gini, tsawonsa ya haura kilomita 4,000. Ruwan daminar da ya sauka a can yana gangarowa Mali, inda ya bazu a wata makekiyar fadama tsakanin Segu da Tambutu. A nan yake yin watanni yana tafiyar hawainiya, rana ta shanye kaso mai yawa, lakarsa ta kwanta. Abin da ya tsira ya bi ta Gawo da Yamai da Gaya, ya iso Kainji daga Disamba zuwa wajen Maris, ana tsakiyar hunturu, watanni bayan ɗaukewar ruwan sama. Saboda ya tace, duhu-duhu ake ganinsa, aka sa masa baƙin ruwa. Shi ne ke riƙe tafkin a cike har cikin rani. Ba don shi ba, da tashar ta riƙa yin rauni tun kafin bazara.

Da baƙin ruwa ya janye sai a koma cin ajiya. Fuskar tafki takan sauka da wajen mita 10 kafin sabuwar damina ta kankama. Saukar tana cutar da tasha ta fuska biyu: ruwan ya ragu, tazarar faɗuwarsa ma ta ragu, don haka kowane tan da ya wuce yana ba da wuta ƙasa da ta da. Wannan yana cikin dalilan da ke sa wuta ta yi ƙaranci a ƙarshen rani da farkon damina, daidai lokacin da zafi ya sa kowa ke neman fanka.

Masu kula da tafkin suna tsakanin haɗari biyu. In suka saki ruwa da wuri don su bar wa damina wuri, damina kuma ta zo da rauni, sun yi asarar wutar watanni. In suka riƙe shi farin ruwa ya zo da ƙarfi, dole su buɗe ƙofofin malala, domin ruwan da ya haura kan ganuwar ƙasa yana iya cinye ta. Ruwan da ya bi ta ƙofofin malala ba ya juya farfela, ga shi kuma yana sauka kan gonaki da ƙauyukan da ke ƙasa a jihohin Neja da Kwara da Kogi. Saboda haka ake auna kogin tun daga tashoshin da ke sama, ana kuma daidaita sakin ruwan Kainji da na Jebba. Shekarun fari na 1970 da 1980 sun nuna iyakar dabarar mutum a nan. A 1985 kogin ya kai ga tsayawa da gudu a Yamai.

Abin da tafki ya ci

Tafkin ya tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200. Tsohon garin Busa, hedkwatar masarautar Borgu, kusa da inda Mungo Park ya halaka a 1806, yana ƙarƙashin ruwa, aka gina Sabuwar Busa a madadinsa. Gungawa da ke zaune a tsibiran kogin, waɗanda suka shahara da noman albasa a bakin ruwa, da Kambari da Lopawa da Shangawa da wani ɓangare na mutanen Yawuri, duk an mai da su sababbin matsugunai. Gwamnati ta gina musu gidajen siminti maimakon ta ba su kuɗi. Gida dai ana iya maye gurbinsa. Ƙasar fadama da kogi ke sabunta wa taki kowace shekara ita ce ba ta da madadi a kan tudu.

An kuma samu riba. Kamun kifi ya bunƙasa, masunta suka taho daga wurare da dama, har aka kafa cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Busa. Filin da tafki ke janyewa ya bari da rani ya zama wurin noma da kiwo. Nutsewar duwatsun da ruwa ke gudu a kansu ta rage ƙudan da ke jawo makanta a wannan yanki, sai dai ruwan da ya kwanta ya dace da katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Abin da ya fi ci wa mazauna yankin rai shi ne ƙauyuka da yawa sun yi shekaru suna kallon manyan wayoyi na wucewa ta saman gonakinsu, su kuwa suna kwana da fitilar kananzir. Kokensu ne ya kai ga dokar 2010 da ta kafa hukumar HYPPADEC domin raya yankunan madatsun lantarki, wadda ba ta fara aiki sosai ba sai bayan kusan shekara 10. Wannan jinkiri ba shi da wani uzuri na fasaha.

Tsufa, gyara da maƙwabta

Tashar ruwa tana da tsada wajen gini, tana da arha wajen tafiyarwa, tunda ba a sayen mai. Wannan arhar takan zama tarko, domin injin da ke aiki ba ya kuka ana mantawa da shi. Laka tana goge fukafukan farfela, kumfar da ke fashewa a jikinsu tana fafake ƙarfen, rufin wayoyin janareta yana tsufa. Hukumar madatsun Neja da ta kula da ginin Kainji ta haɗe da hukumar lantarki ta ƙasa a 1972 aka samu NEPA. A shekarun da suka biyo baya injunan suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da aka miƙa Kainji da Jebba ga kamfanin Mainstream a 2013, abin da tashoshin biyu ke bayarwa bai kai rabin ƙarfinsu ba. Tun daga nan aka farfaɗo da injuna da dama.

A halin yanzu jihar Neja ce ke ɗauke da manyan tashoshin ruwa na ƙasar. Bayan Kainji akwai Jebba mai megawat 578 da ta fara aiki a 1985 a kan iyakarta da jihar Kwara, da Shiroro mai megawat 600 a 1990, da Zungeru mai megawat 700 da aka kammala a 2023. Duk da haka mafi yawan wutar Nijeriya daga gas take fitowa.

Wutar Kainji ba a Nijeriya kaɗai take tsayawa ba. Tun shekarun 1970 layi ya tashi daga Birnin Kebbi ya shiga Jamhuriyar Nijar har Yamai, kuma kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Nijeriya take zuwa. Ana yawan fassara wannan ciniki da cewa hanya ce ta rage wa Nijar buƙatar tare kogin a sama. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a Yuli 2023, Nijeriya ta yanke layin a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, ba a mai da shi ba sai a 2024. Nijar kuwa tana gina madatsarta a Kandaji, a jihar Tillaberi, wadda aka tsara ta ba da megawat 130 ta kuma shayar da gonaki. Baƙin ruwan da Kainji ke dogara da shi ta nan zai bi kafin ya iso Nijeriya, kamar yadda ya riga ya bi ta madatsun Mali. Hukumar da ke zama kan rabon ruwan kogin ita ce Hukumar Kogin Neja, wadda ƙasashe 9 suka kafa a 1980, hedkwatarta kuma tana Yamai.